Ƙudurorin Taƙaita Ajiye Namun Daji a Gida a Jihohin Amurka: Abin da Suka Ƙunsa da Inda Ake Saɓani

Duk lokacin da labari ya fito cewa wata majalisar dokokin jiha a Amurka na muhawara kan ƙudurin hana mutane ajiye namun daji a gidajensu, tambayar da ke fara zuwa bakin mai karatu ita ce: ashe da ma an yarda mutum ya ajiye zaki ko kada a bayan gidansa? Amsar ta danganta da jihar da mutum yake zaune. Amurka na da jihohi 50, kowacce da majalisarta da dokokinta, kuma dabbar da mallakarta laifi ne a wata jiha tana iya zama halal a jihar da ke makwabtaka da ita, ba tare da ko takardar izini ba. Wannan bambanci ne ya sa ƙudurorin ke ta dawowa gaban majalisu shekara bayan shekara, galibi bayan wata dabba ta kuɓuce ko ta hallaka wani.

## Waɗanne dabbobi ake nufi

Ƙudurorin kan raba dabbobin kashi biyu. Akwai namun dajin da asalinsu na ƙasar ne, kamar beyar, kyarkeci da zakin dutse, waɗanda tun da daɗewa hukumomin kula da farauta na jihohi ke da iko a kansu. Akwai kuma baƙin dabbobi, wato waɗanda aka shigo da su ko aka shigo da kakanninsu daga wasu nahiyoyi: zaki, damisa, birai, mesa, aku, manyan ƙadangaru da sauransu. A ma'anarta mai faɗi, kalmar baƙuwar dabba ta haɗa har da ƙaramin tsuntsun keji da kifin ado, kuma ba irin waɗannan ne ƙudurorin ke neman hanawa ba.

Saboda haka masu rubuta doka kan ƙirƙiro rukuni na uku da suke kira namun daji masu haɗari, sannan su jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan jeri shi ne zuciyar kowane ƙuduri, kuma a kansa ake yin mafi yawan ja-in-ja a zaman kwamitoci. Ba a cika gardama kan zaki, beyar ko manyan birai masu kama da mutum ba. Rikicin yana farawa idan aka zo kan ƙananan birai, macizai marasa dafi, da dabbobin da aka haɗa jinsinsu, irin ruwa-biyun kare da kyarkeci, inda ko likitan dabbobi ba ya iya faɗa da ido kashi nawa na jinin daji ke jikin dabbar.

## Me ya sa jiha, alhali akwai gwamnatin tarayya

A tsarin mulkin Amurka, ikon kare lafiya da tsaron jama'a a cikin gida yana hannun jihohi, yayin da gwamnatin tarayya ke da iko kan cinikin da ke tsallake iyakar jiha ko ta ƙasa. Shi ya sa dokokin tarayya suka fi mayar da hankali kan saye da sayarwa da jigila. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta safarar namun dajin da aka samu ba bisa ƙa'ida ba. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1973 ta taƙaita cinikin wasu jinsuna. Dokar walwalar dabbobi ta 1966 ta ɗora wa Ma'aikatar Aikin Gona alhakin bai wa masu baje kolin dabbobi da dillalansu lasisi da duba wurarensu, amma ba ta shafi mutumin da ya ajiye dabba don sha'awar kansa ba, kuma ba ta haɗa da macizai da sauran masu rarrafe ba.

An sami babban sauyi a watan Disambar 2022, lokacin da Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta hana ɗaiɗaikun mutane mallakar manyan dangin kyanwa, wato zaki, damisa iri-iri, zakin dutse da ruwa-biyunsu, ta kuma hana barin 'yan kallo su riƙa shafa 'ya'yansu ko ɗaukar hoto da su a hannu. An bai wa waɗanda suka riga suka mallaka wa'adi zuwa watan Yunin 2023 su yi rajista da hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya. Sai dai dokar ta tsaya ga dangin kyanwa kaɗai. Birai, beyar, kura, kada da macizai masu dafi duk sun rage a hannun jihohi, kuma ƙudurin tarayya na hana ajiye birai a gida ya sha shiga Majalisar Dokokin Amurka ba tare da ya zama doka ba.

Jihohin sun rabu kusan gida uku. Wasu sun hana ajiye dabbobi masu haɗari baki ɗaya, wasu sun yarda bisa sharaɗin lasisi, wasu kuma sun bar wa gundumomi da birane su yanke wa kansu. Texas, misali, ta yi doka a 2001 da ta wajabta rajista a matakin gunduma, ta kuma bar wa kowace gunduma damar hanawa idan ta ga dama. Carolina ta Arewa ta daɗe cikin jihohi ƙalilan da ba su da cikakkiyar doka ta jiha a kan lamarin, duk da cewa a Disambar 2018 zaki ya kashe wata matashiya mai koyon aiki a wata cibiyar ajiye dabbobi ta jihar, kuma a 2021 wata gamsheƙa mai tofa dafi ta kuɓuce daga gidan wani a birnin Raleigh ta jefa unguwa cikin fargaba.

## Abin da ya faru a Zanesville

Kusan kowace muhawara kan wannan batu tana komawa ga yammacin 18 ga Oktoban 2011 a kusa da garin Zanesville na jihar Ohio. Wani mutum mai suna Terry Thompson, wanda ya tara namun daji fiye da 50 a gonarsa, ya buɗe musu kejuna sannan ya kashe kansa. Duhu na shigowa, ga babbar hanyar mota kusa, ga gidajen jama'a, sai shugaban 'yan sandan gundumar Muskingum, Matt Lutz, ya bai wa jami'ansa umarnin harbi. Kafin a gama, an kashe dabbobi kusan 50, ciki har da zakuna 17 da manyan damisoshin Asiya masu ratsi 18, tare da beyar, zakunan dutse da kyarketai. An rufe makarantu washegari, an kuma kafa allunan gargaɗi ga direbobi su zauna cikin motocinsu. Dabbobi shida da suka rage a keji aka kai gidan namun daji na Columbus.

Mutane da yawa sun tambayi dalilin da ya sa ba a yi amfani da allurar sa barci ba. Masana sun bayyana cewa allurar na ɗaukar mintoci kafin ta yi aiki, dole a kintaci nauyin dabbar kafin a auna maganin, kuma dabbar da aka soka cikin dare tana iya shigewa duhu a fusace. Ƙaramin ofishin 'yan sanda na karkara ba shi da irin waɗannan kayan aiki ko horon amfani da su. An kuma gano cewa makwabta da hukumomi sun daɗe da sanin gonar, an sha kai ƙorafi, amma dokar jihar ta wancan lokaci ba ta ba kowa ikon ƙwace dabbobin ba.

A watan Yunin 2012 Gwamna John Kasich ya sa hannu kan dokar namun daji masu haɗari ta Ohio, wadda daga baya ta zama abin koyi ga masu rubuta irin wannan ƙuduri a wasu jihohi.

## Yadda ake gina irin wannan doka

Dokar Ohio ta nuna sassan da ake samu a yawancin ƙudurorin. Ta hana saye, sayarwa da sabuwar mallaka. Ta bar waɗanda suke da dabbobin tun kafin dokar su ci gaba da riƙe su, amma bisa sharuɗɗa: su yi rajista, a dasa wa kowace dabba 'yar ƙwayar na'ura ta shaida a ƙarƙashin fata, a binciki tarihin mai ita ko ya taɓa aikata laifi, a gina keji da shinge daidai da ma'aunin da hukuma ta gindaya, a kafa alamar gargaɗi, a kuma sayi inshorar biyan diyya wadda ta kama daga dala 200,000 zuwa dala miliyan ɗaya gwargwadon yawan dabbobin. Daga 1 ga Janairun 2014, duk wanda aka samu da irin wannan dabba ba tare da izini ba, hukuma na da ikon ƙwace ta. An ware wa macizai wani rukuni na daban mai sassauci, wanda ya ƙunshi masu dafi da kuma wasu manya masu kanannaɗe abin da suka kama su matse shi idan tsawonsu ya kai ƙafa 12.

Sashen da ke barin tsofaffin masu dabbobi su riƙe nasu yana da dalili a aikace. Da za a ce kowa ya miƙa dabbarsa rana ɗaya, babu wurin da zai ɗauke su. Manufar ita ce a rufe ƙofar shigowa da haihuwa, a bar waɗanda ke raye su ƙare kwanakinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan jira yana da tsawo: zaki ko damisa na iya kai shekara 20 a keji, babban biri mai kama da mutum kuwa yana iya wuce 50. Jihar da ta zartar da doka a yau ta ɗauki alkawarin sa ido na gomman shekaru.

## Hujjojin masu goyon baya

Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi, manyan gidajen namun daji da jami'an tsaro da dama su ne kan gaba wajen goyon baya, kuma hujjarsu ta farko ita ce tsaron rayuka. Suna cewa dabbar daji ba ta zama ta gida don an raine ta da kwalbar madara, domin mayar da jinsi na gida aiki ne na dubban shekaru na zaɓen iri. Suna kawo misalin babban birin nan mai nauyin kusan kilo 90 da aka raina kamar ɗa a birnin Stamford na jihar Connecticut, wanda a Fabrairun 2009 ya far wa ƙawar mai shi ya raba ta da hannayenta da idanunta da mafi yawan fuskarta. Haka kuma a Kansas, wata yarinya 'yar shekara 17 ta rasa ranta a 2005 tana ɗaukar hoto kusa da damisar Asiya, lamarin da ya kai ga jihar ta yi doka a shekarar da ta biyo baya.

Hujja ta biyu ita ce cuta. A 2003 Amurka ta ga ɓullar ƙyandar biri karo na farko, kuma bincike ya gano cewa ta shigo ne ta wasu gafiyoyi da ƙananan dabbobi da aka yi jigilarsu daga Ghana zuwa Texas. An ajiye wasunsu kusa da wani nau'in kuregen Amurka a wurin wani dillali a Illinois, aka sayar da kuregun a matsayin dabbobin sha'awa, mutane gommai suka kamu a jihohi shida. Tun 1975 hukumar abinci da magunguna ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ɓawonsu bai kai inci 4 ba, saboda ƙwayar salmonela da yara ke ɗauka daga gare su. Wasu birai na Asiya na ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta cika damun su ba amma tana iya kashe mutum ta hanyar cizo ko yakushi.

Ta uku ita ce muhalli, kuma jihar Florida ce abin misali. Mesar Burma, wadda aka riƙa shigo da ita don sayarwa, ta sami gindin zama a fadamar Everglades bayan wasu sun kuɓuce wasu kuma masu su sun sake su da suka yi musu girma. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ganin wasu ƙananan dabbobi masu shayarwa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a yankunan da mesar ta fi daɗewa. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana shigo da ita.

Sai kuma walwalar dabbobin kansu. Babbar damisa na buƙatar kilo da dama na nama kowace rana, da fili, da likitan da ya san jikinta, kuma da yawa daga cikin masu saye suna ganin jaririya ce kawai ba su lissafa abin da za ta zama bayan shekara biyu ba.

## Hujjojin masu adawa

Ɓangaren adawa ya haɗa masu kiwon dabbobin, dillalai, ƙananan gidajen baje koli masu zaman kansu, da ƙungiyoyi irin su USARK ta masu ajiye macizai da ƙadangaru. Suna cewa mutuwar da namun dajin keji ke jawowa ba ta da yawa idan aka kwatanta da ta karnuka, waɗanda ke kashe mutane gommai a Amurka kowace shekara, kuma mafi yawan waɗanda abin ke shafa masu dabbar ne ko ma'aikatansu, wato mutanen da suka shiga haɗarin da saninsu. Wannan lissafi gaskiya ne a adadi, ko da yake masu goyon bayan doka na mayar da martani cewa karnuka miliyoyi ne, saboda haka dole a auna haɗarin kowace dabba guda.

Suna kuma ƙorafin cewa ana yin doka cikin zafin wani abin takaici guda, a hukunta dubban mutanen da ba su taɓa karya ƙa'ida ba saboda laifin mutum ɗaya. A ganinsu an bar jaki ana dukan taiki, domin wanda zai zo ya yi rajista shi ne mai bin doka, shi kuwa mai ɓoye dabba a ɗakin ƙasa ba zai fito ba. Suna gargaɗin cewa hani na tura kasuwar ƙarƙashin ƙasa, inda mai dabba zai ji tsoron kai ta wurin likita ko sanar da hukuma idan ta kuɓuce. Wannan fargaba tana da tushe, shi ya sa Florida ta buɗe shirin afuwa tun 2006, inda mutum zai miƙa baƙuwar dabbar da ya kasa riƙewa ba tare da an hukunta shi ba.

Hujjar da ta fi rauni a wurin masana ita ce ta cewa masu kiwo na gida suna taimakawa wajen ceto jinsuna daga ƙarewa. Game da wasu tsuntsaye da masu rarrafe akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma yawancin damisoshin Asiya da ke hannun mutane a Amurka an cakuɗa jinsinsu, ba a san asalinsu ba, don haka ba sa shiga shirye-shiryen kiwo na kimiyya.

An gwada batun haƙƙin mallaka a kotu. Wasu masu dabbobi sun kai ƙarar Ohio suna cewa tsadar sharuɗɗan tamkar ƙwace musu dukiya ne ba diyya, kuma ana tilasta musu shiga ƙungiyoyin da ba sa so don su sami keɓewa. Kotun tarayya ta yi watsi da ƙarar a ƙarshen 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2014.

## Wa aka keɓe

Babu ƙudurin da ke hana kowa da kowa. Ana keɓe gidajen namun daji, cibiyoyin bincike, likitocin dabbobi da mafakar dabbobi, kuma yadda aka rubuta wannan sashe yakan nuna ko dokar za ta yi aiki. Idan aka ce duk mai lasisin baje koli na Ma'aikatar Aikin Gona ya tsira, mai zaki a gida zai iya neman lasisin, wanda samunsa ba shi da wahala sosai, ya riƙa nuna dabbar ga 'yan kallo jefi-jefi, ya ci gaba da harkarsa. Idan kuma aka ce sai wanda ƙungiyar AZA ta manyan gidajen namun daji ta tantance, ƙananan wurare za su ce an miƙa makomarsu ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke gogayya da su. Wasu jihohi sun ƙara da ƙungiyar ZAA, wadda ta fi karɓar wurare masu zaman kansu, abin da masu kare dabbobi ke suka. Kalmar mafaka ita ma tana buƙatar ma'ana tsayayya, domin akwai wuraren da ke kiran kansu mafaka alhali suna kiwo suna sayarwa. Dokoki masu tsauri kan ce mafaka ta gaskiya ba ta kiwo, ba ta ciniki, ba ta barin jama'a su taɓa dabba.

## Abin da zai shafi jama'a

Ga mafi yawan mazauna jiha, waɗanda ba su da irin waɗannan dabbobi, sauyin da za su gani kai tsaye kaɗan ne, amma yana da muhimmanci ga wanda ke makwabtaka da keji. Rajista na nufin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana za su san abin da ke cikin gida kafin su shiga, asibiti kuma zai iya sanin irin maganin dafin da ya kamata a tanada, tunda maganin saran macijin Amurka ba ya aiki kan dafin macijin Afirka ko Asiya. Sharaɗin inshora na nufin wanda aka raunata yana da inda zai nemi diyya. Matar da birin Stamford ya raunata ta sami dala miliyan 4 daga dukiyar da mai birin ta bari, adadin da ya yi ƙasa sosai da abin da ta nema, kuma an hana ta izinin kai ƙarar jihar.

Ga masu dabbobin, nauyin kuɗi ne. Shinge biyu, inshora da kuɗin lasisi na iya fin ƙarfin mai matsakaicin hali, kuma kamfanonin inshora ƙalilan ne ke karɓar irin wannan haɗari. A Ohio wasu sun miƙa dabbobinsu, wasu sun tura su wasu jihohi, wasu sun ƙaura gaba ɗaya, wanda ke nufin tsauraran dokoki a jiha ɗaya na iya ƙara wa makwabciyarta mai sassauci kaya. Wanda ke shirin ƙaura zuwa wata jiha da dabbarsa kuma ya sani cewa rangwamen da ake yi wa tsofaffin masu dabbobi yawanci na mazauna jihar ne da suka yi rajista cikin wa'adi, ba ya bin baƙo.

Mai biyan haraji ma yana da kaso. Dabbar da aka ƙwace dole a ciyar da ita, a yi mata magani, a tsare ta har shari'a ta ƙare, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Ohio ta kashe kusan dala miliyan 3 wajen gina wurin ajiya na wucin gadi a Reynoldsburg, daga nan ake tura dabbobin mafakar da ke wasu jihohi, waɗanda su ma da gudummawar jama'a suke rayuwa kuma gurabensu a ƙidaye suke. Wasu ƙudurorin kan ɗora aikin aiwatarwa kan jami'an kula da dabbobi na gunduma ba tare da ware musu ko sisi ba, alhali horonsu da motocinsu da kejunansu na kama karnuka da kyanwowi ne.